Idan Ƙodar Mai Ciki Ta Gaza, Ƙwaƙwalwarta Na Cikin Haɗari

A gidaje da dama na ƙasar Hausa, idan mai tsohon ciki ta yanke jiki ta faɗi, idanu suka kafe, haƙora suka datse, tana taune harshe, abin da ke fara zuwa zuciyar mutanen gida shi ne iska. Wata ta ruga neman turare, wata ta ɗauko cokali za ta cusa mata a baki, a tura yaro ya kira malam. Idan kuma mai jego ce ta soma sambatu kwana uku bayan haihuwa, tana kallon mahaifiyarta kamar baƙuwa, sai a ce jini ne ya hau mata kai. A cikin wannan ruɗani da wuya a sami wanda zai tambaya yaushe rabonta da fitsari, alhali amsar wannan tambaya tana iya bayyana abin da ke faruwa a cikin kanta.

Ƙoda da ƙwaƙwalwa sun yi nisa da juna a jiki, amma jini ɗaya ke ratsa su, kuma a lokacin goyon ciki abin da ya taɓa ɗaya yakan kai ga ɗayar. Saboda haka duk mai ciki ko mai jego da ta yi kukan ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya dushe, ko hankalinta ya soma gushewa, wajibi ne a auna hawan jininta a kuma duba ƙodarta a wannan rana. Kayan wannan aiki ba su da tsada. Abin da ke yin tsada shi ne jinkiri, kuma mata ne ke biya da rayukansu ko da lafiyar hankalinsu.

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Aikinsu ya yi kama da ƙyallen tatar gasara: ruwa da dattin jiki su wuce su zama fitsari, ƙwayoyin jini da furotin su tsaya. A jikin baligi mai lafiya, ƙodoji biyu suna tace ruwa wajen lita 180 a kullum, su mayar da kusan dukkansa cikin jini, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu. Da ciki ya shiga, aikin sai ya ƙaru. Ruwan jinin mace yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, yawan abin da ƙoda ke tacewa ya haura da kusan rabi, ita kanta ƙodar takan ƙara tsawo da kimanin santimita ɗaya.

A nan akwai tarkon da ma'aikatan lafiya da yawa ke faɗawa. Ana gane lafiyar ƙoda ne ta hanyar auna wani datti mai suna kiretinin a cikin jini. Tunda ƙodar mai ciki tana aiki fiye da kima, kiretinin ɗinta yakan sauka zuwa tsakanin miligiram 0.4 da 0.8 a ma'aunin da aka saba. Sakamakon da ya nuna 1.0 ba ya tayar da hankali idan na namiji ne. Idan na mai ciki ne, yana iya nufin ƙodar ta riga ta yi asarar kaso mai yawa na ƙarfinta. Takardar ɗakin gwaji za ta nuna komai daidai, domin ma'aunin da aka buga a jikinta na sauran jama'a ne, matar kuma ta koma gida da ciwonta.

Abubuwan da ke raunata ƙodar mai ciki sanannu ne a kowane ɗakin haihuwa. A farkon ciki akwai laulayi mai tsananin amai da ke ƙarar da ruwan jiki, da ƙwayoyin cuta da ke shiga jini bayan ɓari ko zubar da ciki ta hanyar da ba ta da tsafta. A ƙarshen ciki akwai hawan jinin masu ciki, da rabuwar mabiyiya daga jikin mahaifa kafin lokaci. Bayan haihuwa akwai zubar jini da zazzaɓin jego. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2014 ya nuna zubar jini ne ke jawo kusan kashi 27 cikin 100 na mutuwar mata wajen haihuwa a duniya, hawan jini kashi 14, ƙwayoyin cuta a jini kusan kashi 11. Duk ukun nan suna iya raunata ƙoda. Ƙididdigar hukumar ta shekarar 2023 ta ce mata kusan 260,000 suka rasu a dalilin ciki da haihuwa a faɗin duniya, kuma wajen 75,000 daga cikinsu a Najeriya ne.

Hawan jinin masu ciki shi ne ya fi nuna alaƙar gaɓoɓin biyu a fili. Tun a 1843 wani likita a asibitin Guy's da ke Landan, John Lever, ya lura cewa matan da ke jijjiga wajen haihuwa suna da furotin a fitsarinsu, wato matatar ƙodarsu ta yage tana zubar da abin da ya kamata ta riƙe. Sai a 2003 Ananth Karumanchi da abokan aikinsa a Boston ta Amurka suka gano wani babban ɓangare na dalilin. Idan mabiyiya ba ta kafu da kyau ba, jini bai wadace ta ba, takan saki wani sinadari mai yawa cikin jinin uwa, shi kuma ya lalata shimfiɗar cikin jijiyoyin jini a ko'ina. Ƙoda da ƙwaƙwalwa cike suke da ƙananan jijiyoyi, shi ya sa su ne kan gaba wajen jin jiki, tare da hanta. Ciwon yakan bayyana bayan mako 20 na ciki, inda awon jini ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma yana samun mata 2 zuwa 8 cikin kowane 100. Idan ya tsananta har ƙwayoyin jini suka soma fashewa, hanta ta taɓu, sinadarin daskarar da jini ya ragu, likitoci na kiransa HELLP, sunan da Louis Weinstein ya raɗa masa a 1982.

Hanya ta farko da ciwon ƙoda ke isa ƙwaƙwalwa ita ce ta matsin jini. Ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da gishiri da ruwa, sai su taru, jinin da ya riga ya hau ya ƙara hawa. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna da dabarar tsukewa da buɗewa don daidaita jinin da ke shiga, amma dabarar tana da iyaka. Idan matsi ya yi tashin gaggawa, ruwa yakan tsattsafo daga jijiyoyi ya kumbura naman ƙwaƙwalwa, musamman ta wajen ƙeya, inda cibiyar gani take. Wannan ne dalilin da ya sa mace kan ce tana ganin walƙiya ko taurari, ko hazo ya rufe mata ido, wata ma ta makance na ɗan lokaci alhali idonta lafiya lau. An fara bayyana wannan yanayi, wanda yanzu ake kira PRES, a 1996, kuma a wani rahoto na 2013 daga jihar Misisifi ta Amurka an gan shi a hoton ƙwaƙwalwar mata 46 cikin 47 da suka yi jijjiga. Yawanci kumburin yakan saɓe idan an sauke jini da wuri. Idan an bar shi ya daɗe a kan 160 bisa 110 ko sama, jijiya na iya fashewa, abin ya zama shanyewar ɓarin jiki ko rasa rai.

Hanya ta biyu ta datti ce. Abubuwan da ya kamata su fita a fitsari sai su taru a jini, su dagula aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Wannan ba ya zuwa da hayaniya irin ta jijjiga. Mai jego ta yi ta barci da rana, ta kasa barci da dare, a yi mata magana ta daɗe kafin ta amsa, ta manta ko ta shayar da jariri. Shaƙuwa ta ƙi tsayawa, abinci ya fita a kanta, tana tashin zuciya. Idan likita ya ce ta miƙe hannuwa ta ɗaga tafuka, sai a ga suna faɗuwa suna tashi ba da sonta ba. Mutanen gida sukan ɗauki duk wannan a matsayin gajiyar haihuwa, har ta kai ga dogon suma. Gishirin jini ma yakan rikice: idan sodiyam ya yi ƙasa sosai ƙwaƙwalwa ta kumbura, idan fotasiyam ya yi sama zuciya na iya tsayawa ba sallama.

Hanya ta uku ita ce masana ke kan bincikenta yanzu. Ƙwaƙwalwa tana da shinge na musamman a jikin jijiyoyinta wanda ke tantance abin da zai shiga daga jini. A 2008 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa idan aka raunata ƙodar ɓera, cikin kwana ɗaya shingen nan yakan yi sako-sako, alamun kumburi su bayyana a ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin sashen da ke riƙe tunani su soma lalacewa. A Jami'ar Misisifi, ɗakin binciken Kedra Wallace ya ci gaba da wannan aiki a kan ɓeraye masu ciki, inda ake bin sawun wani datti da ke samo asali daga hanji, wanda ƙoda mai lafiya ke fitarwa, don ganin yadda yake raunana shingen. Binciken dabbobi ne, kuma jikin mace ya fi haka sarƙaƙiya, amma ya yi daidai da abin da likitoci ke gani a gefen gado.

A gefen gadon ne kuma ake ganin yadda ƙoda ke riƙe da maganin ƙwaƙwalwa kansa. Allurar maganiziyam salfet ita ce maganin jijjiga da duniya ta amince da shi. Wani babban gwaji da aka kira Magpie, wanda aka wallafa a 2002 bayan an bi mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da kashi 58 cikin 100. To amma maganiziyam ta fitsari kaɗai yake barin jiki. Shi ya sa ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya ba ta ƙara allura sai ta yi abu uku. Za ta tsaya da agogo ta ƙirga numfashi, kada ya gaza 16 a minti ɗaya. Za ta ɗaga gwiwar matar ta ɗan buga ƙasan ƙoƙon gwiwa, ta ga ko ƙafa ta zabura. Sannan ta durƙusa ta duba jakar da ke rataye a ƙarƙashin gado, wadda robar fitsari ke zuba a cikinta, ta karanta layin da ruwan ya kai. Idan abin da ya taru bai kai mililita 30 a kowace awa ba, wato kimanin cokalin cin abinci biyu, sai ta dakatar da allurar ta kira likita, domin maganin da aka ba da don ceton ƙwaƙwalwa yana iya taruwa ya tsayar da numfashi. Kusa da ita ya kamata a ce akwai allurar kalsiyam gulukonet mai karya shi. Haka ma ƙarin ruwa: ganin fitsari ya yi ƙaranci yakan sa a buɗe ledar ruwa ta yi ta zuba, amma ƙodar da ta gaza ba za ta fitar da shi ba, sai ya koma huhu.

Wannan duka aikin ido ne da haƙuri, ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Kano ta riga ta ga amfaninsa. A 2008 aka shigar da maganiziyam salfet a manyan asibitocin jihar guda goma, aka horar da likitoci da ungozomomi yadda za su ba da shi su kuma sa ido. Rahoton da Farfesa Jamilu Tukur da abokan aikinsa suka wallafa ya nuna mutuwa a tsakanin matan da suka zo da wannan ciwo ta faɗo daga sama da kashi 20 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. A ɓangaren zubar jini ma, gwajin E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero take cikin jagororinsa, ya gudana a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Wata leda mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a san ainihin jinin da ta zubar, a kuma haɗa magunguna a ba ta lokaci guda. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Duk matar da aka tsayar wa jini da wuri, an tsare mata ƙoda ke nan.

Matsalar ita ce mata da yawa ba sa isa gadon. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna haihuwa 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti a Arewa maso Yamma. Cikin fari, wanda shi ne ya fi haɗarin hawan jini, shi ne kuma kunya ta fi lulluɓewa. Yarinya ta ga zobe ya ƙi fita daga yatsa, takalmi ya matse, ta tashi da safe fuska ta yi suntum, amma ba za ta iya buɗe baki gaban surukarta ba. Idan ta daure ta faɗa wa mahaifiyarta, "Inna, kaina kamar zai tsage," sai a aika kemis a sayo maganin ciwon jiki. Irin su dikilofenak da ibufurofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma a 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a guje su daga mako 20 na ciki, domin suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi ma. Kumburin ƙafa kaɗai abu ne da yawancin masu ciki ke yi. Kumburin fuska da hannuwa, tare da ciwon kai ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, magana ce ta asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Addu'a da tofi ba sa hana tafiya, ana iya yin su a cikin mota.

Akwai kuma kuskuren ɗauka cewa da an sauka lafiya an tsira. Hawan jini yakan kai ƙololuwarsa tsakanin kwana uku zuwa shida bayan haihuwa, daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka, hankali ya koma kan ragon suna. Jijjiga na iya zuwa har makonni shida bayan haihuwa, wato duk tsawon arba'in. A kwanakin nan ne ake ɗura wa mai jego kunun kanwa, ita kuwa kanwa cike take da sodiyam. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan ta da ciwon zuciyar masu jego. Matar da aka sallamo da hawan jini ko raunin ƙoda ba ta da inda za ta kai wannan gishiri, kuma hakkin likita ne ya faɗa wa uwarta ko surukarta haka baki da baki kafin su bar asibiti, domin su ne masu dama kunun.

Yawancin matan da ƙodarsu ta samu rauni wajen haihuwa suna warkewa idan an kama abin da wuri. Wasu sai an yi musu wankin ƙoda na 'yan kwanaki ko makonni kafin ta farfaɗo. Kaɗan daga ciki, musamman waɗanda suka zubar da jini mai yawa bayan rabuwar mabiyiya, ƙodar takan mutu ɗungurungum. Su ma waɗanda suka warke ba a rufe littafinsu ba. Wani nazari a Norway da aka wallafa a 2008, kan mata fiye da 570,000, ya nuna wadda ta yi hawan jinin masu ciki a cikinta na fari tana da haɗarin mutuwar ƙoda nan gaba kusan ninki biyar na wadda ba ta yi ba. Wani kuma a Denmak a 2018, kan mata sama da miliyan ɗaya, ya gano haɗarin ciwon mantuwa mai nasaba da jijiyoyin jini ya haura ninki uku a tsufansu. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki ma yakan kusa ninkawa. Matan da abin ke samu a zahiri kaɗan ne cikin dubbai, don haka babu dalilin firgita. Amma akwai dalilin bibiya, domin hawan jinin da aka gano a shekara 30 ana iya riƙe shi da magani mai araha.

Abin da ake buƙata daga gwamnatocin jihohi a bayyane yake. Kowace cibiyar lafiya a matakin farko ta mallaki na'urar awon jini mai aiki da tsinken gwajin fitsari, a kuma yi amfani da su a duk zuwa awo, ba a rubuta lamba a kati da ka ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganin ma'aikacin lafiya sau takwas a ciki guda, kuma amfanin zuwan ya rataya ne a kan waɗannan gwaje-gwaje biyu. Kowane babban asibiti ya iya auna kiretinin dare da rana, ya ajiye maganiziyam salfet tare da makarinsa, ya kuma sa takardar lissafin fitsari a gadon duk matar da ta yi jijjiga ko ta zubar da jini. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Mataki ne mai kyau, amma mai jegon da ƙodarta ta tsaya ta cancanci a yi mata kyauta, domin wankin 'yan kwanaki na iya mayar da ita ga 'ya'yanta da lafiyarta, saɓanin mai ciwon da zai yi ta wanki har ƙarshen rayuwa.

Magidanta ma suna da nasu kason, tunda a gidaje da yawa izinin fita da kuɗin mota a hannunsu suke. Miji ya san alamomin nan, ya bar izini a buɗe ko ba ya gari, ya tanadi wanda zai ba da jini tun ciki na wata bakwai. Idan jijjiga ta zo, a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a sa komai a bakinta, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu tana cikin suma, a nemi abin hawa nan take.

Sallama daga asibiti kuma ta zo da takarda a hannu mai ɗauke da ranaku: awon jini a cikin makon farko, gwajin fitsari da kiretinin bayan arba'in, sannan awon jini aƙalla sau ɗaya a shekara. A tambaye ta ko tana fama da mantuwa, ciwon kai ko ƙuncin rai, a saurari amsarta. Idan ta sake samun ciki, ta fara awo da wuri ta kuma faɗi abin da ya same ta a baya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙaramin asfirin na miligiram 75 a kullum ga mata masu irin wannan tarihi, bisa umarnin likita, a fara shi kafin ciki ya kai mako 20, tare da ƙarin kalsiyam a wuraren da abinci bai wadatar da shi ba.